Buhu Nawa Tayar Akori-Kura Za Ta Iya Ɗauka?

Idan kaka ta yi a ƙasar Zabori, akori-kura ba ta hutawa. Da asuba tana ƙofar gidan manomi ana loda mata hatsi. Da hantsi tana bakin fadama ana ɗora mata rake. Ranar kasuwa kuwa ba a magana: buhunan wake a ƙasa, na gyaɗa a bisa, awaki a ɗaure a gefe, mutane kuma can ƙololuwa sun riƙe igiya. Wasu za su Junju, wasu Gaya, wasu sun nufi wajen iyakar Nijeriya. Kafin a tashi, direba yakan zagaya motar, ya ɗan shuri taya da ƙafa, ya ce, "Lafiya lau take. Bisimilla, mu tafi."

To, shuri da ƙafa ba awo ba ne. Duk wannan kaya, da rayukan da ke bisa kansa, a kan taya huɗu suke zaune. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa kuwa bai wuce faɗin hannun babban mutum da yawa ba. Kuma kowace taya tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Kamfanin da ya ƙera ta bai ɓoye wannan iyaka ba. Ya rubuta ta a jikin tayar, da lambobin da kowa zai iya gani. Sai dai mutane da yawa sun yi shekaru suna hawan mota, wasu ma suna tuƙa ta, ba su taɓa sunkuyawa sun karanta ba.

Wannan magana ta shafi mai mota da direba. Ta shafi manomin da ya ɗora noman shekararsa a bayan motar wani. Ta shafi matar da ta hau bisa buhuna da goyo a bayanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a, abin ya fi tsanani a Afirka. A karkara irin tamu, inda babban asibiti ke da nisa, raunin da za a iya ceto a birni yakan zama ajali.

Rubutun da ke jikin taya

Ka sami tsumma da ɗan ruwa, ka goge gefen tayar. Za ka ga rubutu da yawa. Nemi wanda ya fi girma bayan sunan kamfani. A tayoyin ƙananan akori-kura za ka iya ganin irin wannan:

185 R 14 C 102/100 Q

Bari mu bi shi ɗaya bayan ɗaya. Lamba 185 faɗin tayar ne, wato milimita 185, santimita 18 da rabi ke nan. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaruruwan cikinta, daga wannan baki zuwa wancan. Kamfanin Michelin na ƙasar Faransa ne ya fito da wannan ƙira a 1946, kuma yau kusan duk tayoyin ƙananan motoci haka suke. Lamba 14 girman wili ne, wato ƙarfen da ake sa tayar a kai, inci 14. Harafin C yana nufin an yi tayar domin motar ɗaukar kaya. A wasu tayoyin, musamman waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka, haruffa LT za ka gani a maimakonsa. Harafin ƙarshe, Q, iyakar gudu yake nunawa. Wannan ba shi ne damuwarmu ba, domin Q kilomita 160 ne cikin awa ɗaya, kuma babu mai hankalin da zai kai nan da kaya a baya.

Saura 102/100. Nan maganar take. Wannan ita ce lambar nauyi.

Amma fa a lura, 102 ba kilo 102 ba ne. Lamba ce da aka tsayar, wadda kamfanonin taya na duniya suke bi. Kowace lamba tana da kilo nata. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su. Ka kwafe su a takarda ka ajiye cikin mota:

88 kilo 560 ne
91 kilo 615 ne
95 kilo 690 ne
99 kilo 775 ne
100 kilo 800 ne
102 kilo 850 ne
104 kilo 900 ne
106 kilo 950 ne
108 kilo 1,000 ne
110 kilo 1,060 ne
112 kilo 1,120 ne

Don me aka rubuta lamba biyu? Ta farko, 102, ita ce ta tayar da ke tsaye ita kaɗai. Ta biyu, 100, ta tayoyin da aka jera tagwaye ce, kamar yadda ake yi a bayan manyan motoci. Akori-kurarmu taya ɗai-ɗai gare ta, saboda haka ta farko za ka duba.

Idan takardarka ta ɓata, kada ka damu. A mafi yawan tayoyi, kusa da bakin wili, akwai ƙaramin rubutu na Turancin Ingilishi da ya fara da MAX LOAD. Bayansa za ka ga lamba da haruffa kg. Wannan shi ne nauyin kai tsaye, ba sai ka fassara ba.

Tsofaffin direbobi sun fi sanin wani rubutu dabam, irin 6PR ko 8PR. A zamanin da, da ƙyallen auduga ake yin cikin taya, a shimfiɗa wani bisa wani, kuma lambar tana ƙidaya yawan shimfiɗun. Yanzu da zaren roba mai ƙarfi da wayar ƙarfe ake yi. In ka yanka tayar 8PR ba za ka ga shimfiɗa takwas ba. Lambar dai tana cewa ƙarfinta ya yi daidai da na shimfiɗa takwas na da. Tana da amfani, domin taya biyu masu girma ɗaya sukan bambanta a nan. Tayar 195 R 14 C mai 6PR lambarta 102 ce, mai 8PR kuwa 106. Bambancin buhu guda ke nan a kowace taya.

Kama da wane ba ta wane

Ga inda ake yawan cutar mutane, ko kuma su cuci kansu. Mai mota ya je sayen taya. Ya tambayi kuɗin mai lamba 185 R 14 C 102, ya ji ta yi masa tsada. Sai mai shago ya jawo wata ya ce, "Alhaji, ga wannan, ita ma goma sha huɗu ce. Za ta hau wilinka daram, kuma da sauƙi." Gaskiya ya faɗa, za ta hau. Amma rubutun jikinta 185/70 R 14 88 T ne. Babu C. Tayar ƙaramar motar shiga ce, wadda aka yi domin mutum biyar da jakunkunansu.

Dubi takardarka. Mai 102 kilo 850 take ɗauka. Mai 88 kilo 560 take ɗauka. Tsakaninsu kilo 290 ne, kusan buhu uku. A tayoyin baya guda biyu, kilo 580 ke nan ka rage wa motarka, kusan buhu shida, kai kuwa gobe lodin da ka saba za ka yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan araha tana iya kai mutum kushewa.

Idan ka ɗaga tayoyin biyu da hannu za ka ji bambanci. Mai C ta fi nauyi, gefenta ya fi kauri da tauri. Amma kada ka dogara da hannu, tun da ga rubutu.

Mu yi lissafi

Wani zai ce, "Ai da sauƙi. Taya huɗu, kowace kilo 850, jimla kilo 3,400. Ashe buhu 34 zan ɗauka." A'a, ɗan'uwa. Akwai kuskure biyu cikin wannan lissafi.

Na farko, ka manta da nauyin motar kanta. Inji da ƙarfe da mai da safaya duk a kan tayoyin nan suke. Akori-kura ko babu kome cikinta ta haura tan ɗaya, manyan na zamani ma suna kusan tan biyu.

Na biyu, kaya ba ya rabuwa daidai tsakanin tayoyi huɗu. Bodin kaya yana bisa tayoyin baya. Su ne ke shan wahalar. Bari mu kawo misali, don a gane. A ce motar babu kaya, tayoyin baya biyu suna ɗauke da kilo 700 na nauyinta. Aka ɗora buhu 10 na hatsi, kowane kilo 100, jimla kilo 1,000. A ce kilo 900 ya sauka a baya, 100 ya tafi gaba. Yanzu baya yana ɗauke da kilo 1,600. Raba biyu: kilo 800 a kowace taya.

Tayar 102 za ta ɗauka, da ragowar kilo 50 kacal. Tayar 106 za ta ɗauka hankali kwance. Tayar 88 kuwa an riga an wuce iyakarta da kilo 240, tun ba a motsa daga ƙofar gida ba.

Yanzu mu yi irin lodin da ake gani ranar kasuwa. Buhu 20, kilo 2,000 ke nan. Mutum 10 a bisa, a ce kowane kilo 60, kilo 600 ke nan. Jimla kilo 2,600. In ka bi lissafin da muka yi, kowace tayar baya za ta ɗauki wajen kilo 1,500. Koma ka dubi jerin lambobin nan. Babu ko ɗaya da ta kai nan, ko kusa.

Kuma buhunan da muke kira kilo 100 ba duka ne ke tsayawa a 100 ba. Akwai waɗanda ake dannawa har a yi musu hula. Buhun siminti da na takin zamani kilo 50 ne. Duro mai lita 200 in an cika shi da ruwa ya wuce kilo 200. Rake shi ne babban mayaudari, domin ba a auna shi, ga shi cike da ruwa, ga tsawo. Idan ya zarce ƙofar bodi ya yi waje, yakan danne baya ya ɗaga gaba, kamar yadda kaya ke ɗaga jaki idan aka tara su a ƙarshen amalanke. A lokacin nan tayoyin baya suna ɗauke da abin da ya fi nauyin raken kansa, tayoyin gaba kuma sun yi sakayau, sitiyari ba ya jin magana. Saboda haka kaya mafi nauyi a sa su a ƙasa, a matsar da su gaba, jikin kan mota.

To, yaya mai mota zai san tayar da ta dace da tasa motar? Ya buɗe ƙofar direba ya duba jikin ginshiƙi, ko ya ɗaga murfin inji. Akan sami ƙaramin faranti na ƙarfe ko takarda manne. A motoci da yawa, musamman waɗanda suka zo daga Turai, akwai layi mai lamba 1 da layi mai lamba 2. Na 1 iyakar nauyin ƙafafun gaba ne, na 2 na ƙafafun baya. Ka ɗauki na 2 ka raba biyu. In an rubuta kilo 1,700, rabinsa 850 ne, wato kada ka sa tayar da ta gaza 102. In ka sami 104 ko 106 mai girman da ya dace da wilinka, ya fi kyau, domin hanyoyinmu ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, ko mota ta karkace a gefen hanya, nauyi yakan taru a kanta fiye da rabonta. Sama da abin da kamfanin mota ya faɗa babu laifi. Ƙasa da shi ne ba a yarda ba.

Amma kada wani ya ce tun da ya sayi taya mai ƙarfi, ya sami izinin ƙara kaya. Taya ba ta ƙara wa birki ƙarfi. Ba ta ƙara wa wili, ko ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu. Peugeot 504 akori-kura, irin waɗanda muka daɗe muna gani tun bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, da Toyota Hilux, duk wajen tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato kamar buhu 10, kuma mutanen da ke ciki suna cikin wannan lissafi. Masu mota sukan je wajen maƙera a ƙara musu sifirin a baya domin kada motar ta zauna. Motar za ta miƙe, ido ya ga kamar lafiya. Tayar da birkin dai suna nan yadda suke. Ƙarin sifirin ɓoye ciwo yake yi.

Iska ce ke ɗaukar kaya

Roba riga ce kawai. Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne iskar da ke ciki. Saboda haka kilo 850 ɗin nan yana da sharaɗi: sai tayar tana cike da iskar da aka ƙayyade mata. A wajen rubutun MAX LOAD za ka ga an faɗi yawan iskar. Ga tayar 185 R 14 C mai 8PR akan rubuta 450 kPa da 65 PSI. In iskar ta ragu, nauyin da tayar ke iya ɗauka ma ya ragu.

A nan sai mutanen bakin iyaka su yi hattara, domin ma'auni iri biyu ke yawo a wajen masu faci. Akwai mai ƙananan lambobi, 2, 3, 4, wanda ake kira bar, wasu kuma su ce kilo. Akwai mai manyan lambobi, 30, 40, 60, wato PSI, wanda aka fi amfani da shi a Nijeriya. Bar ɗaya daidai yake da PSI 14 da rabi. Ke nan bar 4 da rabi shi ne PSI 65, shi ne kuma 450 kPa. Abu ɗaya ne da suna uku. Ka tambayi mai faci da wane yake auna maka.

Lambar da ke jikin taya ita ce ta cikakken lodi. Iskar da za ka sa yau da kullum tana rubuce a takardar da ke manne jikin ƙofar mota, ta gaba dabam, ta baya dabam, da kaya dabam, babu kaya dabam. A auna da safe, kafin mota ta yi tafiya, lokacin da taya ke da sanyi. A auna duk mako, kuma a auna kafin kowane babban lodi.

Akwai wata dabara da ya kamata a bari. Idan aka sa tayar ƙaramar mota a akori-kura, aka ga ta kwanta, sai a ce wa mai faci ya ƙara iska har ta miƙe. Irin wannan taya tana kai iyakar ƙarfinta ne a wajen bar 2 da rabi. Duk iskar da aka ƙara bayan nan ba ta ƙara mata ko kilo ɗaya. Mafi yawansu ma an rubuta kada a wuce PSI 44 ko 51. Wanda ya dura mata 65 ya ɗana tarko ne, kuma mai facin da ke tsugune gabanta shi ne na farko a bakin tarkon.

Me ke sa taya ta fashe? Zafi. Duk juyin da taya ta yi, gefenta yakan lanƙwashe a ƙasa, ya miƙe a sama. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta da sauri, za ka ji ta yi zafi, daga baya ta karye. Haka cikin taya yake. Kaya ya yi yawa, lanƙwasar ta ƙaru. Iska ta yi kaɗan, ta ƙaru. Gudu ya yi yawa, ta ƙaru. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasarmu yakan wuce awo 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Idan waɗannan huɗu suka haɗu, roba takan rabu da wayar da ke cikinta, tayar ta tarwatse babu sallama. Shi ya sa motar da ta fito lafiya daga yashin ƙauye takan yi haɗari bayan ta hau kwalta, a irin doguwar hanyar Gaya zuwa Dosso, mai wajen kilomita 150, inda direba ke samun damar taka mota.

Direbobin Dallol Mawri sun san dabarar rage iska domin a tsallake yashi. Dabarar tana aiki, in dai ana tafiya sannu. Laifin shi ne a fita daga yashin a manta. Wanda ya rage iska, lalle ne ya mayar da ita kafin ya yi gudu. Famfon ƙafa bai kamata ya rabu da motar karkara ba.

In an tsaya a hanya, a taɓa gefen tayoyin da bayan hannu. Idan ɗaya ta fi ƴan'uwanta zafi ƙwarai, akwai magana. A tsaya a inuwa ta huce, a duba ta. Kada a sace mata iska don an auna an ga ta hau. Hawan iska cikin zafi al'ada ce, in ta huce za ta koma daidai.

Taya ma tana tsufa

Lambar nauyi ta taya mai lafiya ce. Tsohuwar taya tana nan da rubutunta na 102, amma ƙarfin ya tafi. Roba tana bushewa ko ba a yi aiki da ita ba, rana kuma tana gaggauta bushewar.

Ranar haihuwar taya ma a rubuce take. Nemi haruffa DOT, ka bi layin har ƙarshe. Za ka ga lamba huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. Wani lokaci a gefe ɗaya kaɗai ake rubutawa, sai ka leƙa ta ciki. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, kada ma ka taya. Kamfanin Michelin yana ba da shawara a riƙa kai taya ga masani ya duba ta kowace shekara idan ta yi shekara 5 tana aiki, kuma a sauke ta idan ta cika shekara 10 da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fi tsanantawa, shekara 4 take gargaɗin direbobi a kai. Mai shiga Kamba da mota ya san da wannan.

Mun sani, ba kowa ke da kuɗin sabuwar taya ba. Tayoyin gwanjo sun cika kasuwanninmu. A baya, tsawon shekaru da yawa, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce ta kasance babbar ƙofarsu, su biyo ta Malanbil su ƙetaro gadar Gaya. Mafi yawansu daga ƙananan motocin Turai aka ciro su. Wanda dole ta sa zai sayi ta gwanjo, ya fara da neman C ko LT da lambar nauyi, sa'an nan shekara. Ya sa hannu ciki ya shafa ko'ina, ko zai ji faci ko tsaga. Ya dubi gefe da kyau: ƙananan tsage-tsage kamar na busasshen tabki alamar tsufa ce, kumburi kuwa alama ce zaruruwan ciki sun tsinke. Taya mai kumburi ba ta da magani. Haka nan wadda ta yage a gefe. Facin da ake yarda da shi na ƙaramin huji ne a tsakiyar zane, inda ƙusa ta shiga. Cusa guntun tsohuwar taya a ciki domin a toshe yaga, wannan na kai mota gida ne sannu-sannu, ba na yin lodi ba.

A kula da wasu abubuwa biyu kuma. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, yawanci tayar hunturun Turai ce. Robarta mai laushi ce, an yi ta domin sanyi, tana saurin cinyewa a zafinmu. Sa'an nan akwai masu ɗaukar tayar da ta suɗe su sassaƙa mata sabon zane da wuƙa mai zafi. Ka dubi cikin zanen. A tayar ƙwarai akwai ƴan tudu ƙanana cikin ramin zane, masu tsayin milimita 1.6, bai kai kaurin tsinken ashana ba. In zane ya cinye har ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. In babu su sam, ko bakin zanen ya yi karkace-karkace, ka yi zargin sassaƙa.

Tayar da ta gama aiki a mota tana iya komawa amalanken shanu ko na jaki, inda babu gudu. In an ajiye ta a gida, a huda ta ko a sa ta ƙarƙashin rumfa, kada ruwan damina ya kwanta ciki sauro ya hayayyafa.

Idan kuɗin taya biyu kaɗai gare ka, sayi biyu iri ɗaya, masu lamba ɗaya, ka sa su a baya. Kada a haɗa mai C da marar C a ƙafafun baya. Safaya ma ta zama mai lambar da ta kai, domin ranar da za a neme ta, motar cike take da kaya.

Kai da ba ka da mota

Manomi zai ce, "Ni ina ruwana? Kuɗin buhu na biya." Da ruwanka, domin in taya ta fashe waken da zai watse a hanya naka ne, ɗan da ka ɗora bisa kaya ya raka su naka ne. Direba kuɗin buhu yake ƙidayawa, shi ya sa ƙarin buhu biyar ke yi masa daɗi. Mai mota yana jiran kuɗin yini. Cikin ku ukun, kai ne ba ka cin ribar wuce iyaka, kuma kai ne asararka ta fi yawa.

Kafin a fara lodi, ka zagaya bayan motar. Ka dubi tayoyin baya biyu. Akwai C ko LT? Lambar nawa ce? Akwai kumburi? Waya ta leƙo? Bayan an gama lodi ka sake dubawa. In gefen tayar ya baje kamar cikin kwaɗo, ko bodi ya kusa taɓa ta, kaya sun yi yawa. Ba sai an yi faɗa ba. Kana iya cewa, "Malam direba, don Allah a sauke mini nawa biyar, na bi sahu na biyu." Idan ku da yawa ne masu kayan, ku haɗa baki tun kafin mota ta zo, ku tsayar da yawan buhun da za a ɗora. Ƙungiyoyin manoma da na mata masu ɗaukar mota haya ranar kasuwa sun fi kowa ikon yin wannan, domin direba ba ya son rasa cinikinsu.

Kai kuma direba, idan ƙaddara ta sa taya ta fashe kana cikin tafiya, kada ka danna birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsayar da kan motar bisa hanya. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar ta ta rage gudu da kanta. Sai ta yi sanyi sa'an nan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan, ka gangara gefe. A sauke mutane duka, su tsaya nesa da hanya. A sa dutse gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, a rage kaya in da hali, kafin a sa jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.